Sunana a Ƙarƙashin Zanzaro

A daminar da ake gina masaƙa a Kakuri, mijina ya mai da ni gidan Baba a Makera da cikin wata huɗu. Ba goyon ciki ba ne irin wanda aka saba, don shi sai ciki ya tsufa ake zuwa, kuma na fari ake yi wa. Nawa na uku ne. Biyun farko duk sun zube kafin su kai wata shida. Mijina kuwa ma'aikacin jirgin ƙasa ne, yau yana Kano gobe yana Inugu, ba mai tsaya mini in wani abu ya taso. Shi ya sa ya ce in zauna kusa da Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ke riƙe da gidan tun da innarmu ta rasu.

Gara in faɗi halina na lokacin tun yanzu, kada a ce na ɓoye. Ba wanda ban zarga ba. In maƙwabciya ta aiko da kunu, sai in yi godiya, in faki ido in zuba wa kaji, in zauna ina kallonsu ko ɗaya za ta faɗi. In mace ta dubi cikina ta ce mini sannu, sai in wuni ina juya sannun nan, ina neman abin da ke ƙarƙashinta. Gashin da ya zuba wajen kitso ni nake tsince abina in binne. An ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ni sau biyu aka sare ni, saboda haka ko igiyar shanya ban yarda da ita ba.

Ina cikin wannan hali ƙanena ya iso daga Kudu, an ba su dogon hutu a jami'a. Mu biyu ne kaɗai a wurin innarmu, kuma a bayana ya girma, ni na yi goyonsa. A zamanin nan 'yan Arewa da ke jami'a ba su da yawa, balle a ce ɗan maƙeri. Gwamnati ce ta ɗauki nauyinsa. Tun ranar da ya tafi mutanen unguwa suka laƙaba masa Likita, don a saninsu wanda ya wuce kwaleji ya ci gaba, in bai zama likita ba to lauya ne. Baba bai taɓa gyara musu ba. Da alama shi ma sunan yana yi masa daɗi.

Kwana biyu da zuwansa na kai musu fura zaure, na tsaya daga ciki ina jin hirarsu. Rumfar ƙirar Baba a ƙofar gida take, jikin zauren. Baba na gyaran bakin wata fartanya.

“To, shekara biyu ke nan,” in ji Baba, “saura ɗaya. In ka gama, wane asibiti za su kai ka?”

“Baba, ai na faɗa maka, ba likitanci nake karantawa ba. Zoloji sunansa. Ilmin dabbobi.”

“Likitan shanu ke nan.”

“Shi ma daban ne. Mu ba ma ba da magani. Sanin halittar muke yi, yadda jikinta yake, abin da take ci, inda take kwana, yadda take hayayyafa. Tun daga giwa har kiyashi.”

Na ji ƙarar magagarin Baba ta tsaya.

“Kiyashi,” ya maimaita. “Wa zai ba mutum albashi don ya san inda kiyashi ke kwana?”

Ƙanena ya gyara zama ya shiga bayani, bakinsa har yana sarƙewa don ɗoki. Ya ce ga ofis nan a hayin kogi, ba abin da suke yi sai yaƙi da tsando, ƙudan nan mai sa wa mutane ciwon barci, ya sa wa shanu sammore, kuma neman irinsa suke ruwa a jallo. Ya ce akwai masu bin sawun fara tun kafin ta sauka a gonaki. Akwai masu neman maganin ƙwaron da ke cinye gyada a dala. Akwai na kifi. In duk bai samu ba, sai ya koyar a kwaleji. Baba ya saurare shi har ya kai aya, sannan ya ce, “Allah ya sa albarka,” da irin muryar da yake amsa wa wanda ya taya garma da arha. Ni kuwa a bayan ƙofa na yanke hukuncina na farko, na ce lalle an koro yaron nan daga ajin likitoci ne, yake rufe mu da maganar kiyashi.

Da gari ya waye muka fara ganin aikin da idonmu. Ya sa gajeren wando da takalmin roba, ya ɗauki wata raga da aka ɗaura wa sanda, ya rataya jaka cike da kwalabe. Wani lokaci bakin kogi yake nufa, wani lokaci bayan layin dogo, wani lokaci har dajin wajen Trikania. Mutum da gemunsa ya fara tsirowa, sai a hango shi yana tsalle a cikin ciyawa yana bin malam-buɗe-littafi. Masu kiransa Likita suka fara rage murya in sun zo kan sunan. In ya dawo sai ya shige ɗaki ya turo ƙofa. Yana da wata kwalba mai auduga a gindi, in ya jefa ƙwaro a ciki sai ya ɗan yi shure-shure ya mutu, ba jini ba rauni. Daga nan sai ya soke shi da wata siririyar allura marar kafa, ya kafa shi a cikin akwatin katako mai murfin gilashi. Akwatin nan kuwa warin kafur yake yi har tsakar gida. Mu a saninmu, kafur na wankan gawa ne.

Ba zan yi masa ƙarya ba, bai ɓoye mana muhimmancin abin ba. Wata rana ina zuba masa tuwo ya ce, “Yaya, don Allah kada kowa ya taɓa akwatin nan, ko da shara za a yi. Malaminmu ya ce kowa ya koma da ƙwarin garinsu, tun na farkon damina har na ƙarshenta. Wanda ya koma hannu rabbana ba zai zauna jarrabawa ba, gwamnati kuma ba ta biya wa wanda ya maimaita aji. Karatuna kaf yana cikin akwatin nan.”

Duk maganar nan da ya yi, “kada kowa ya taɓa” kaɗai ya shiga kunnena. Na ce a raina, mai gaskiya me zai hana a taɓa masa?

Gwaggo ma ba ta taimaka ba. Ita irin mutanen nan ne masu jefa magana su janye hannu. Muna tsince shinkafa ta ce, “Ni dai ban ce komai ba. Amma can garinmu na taɓa sanin wani mai soke abu da allura ya ajiye a ɗaki, kuma ba malamin makaranta ba ne.” Ta ƙara da cewa, “Kudu kuma nisa gare ta. Wa ya san abin da ake ba yaro ya ci a can?” Sannan ta ce Allah ya yafe mata, zato zunubi ne, ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Sai kuma ga maganar mai wanki. Wani dattijo ne Kirista, mutumin kudancin Zariya, yana haya a bayan gidanmu. Shi ke wanke wa manyan ma'aikatan jirgin ƙasa kaya a bakin kogi, a wani wuri mai duhuwar itatuwa. Abokin hirar Baba ne, nan yake kawo dutsen gugarsa in marikin ya karye. Ƙanena ya mai da wajen wankin nan kamar ofishinsa, kullum da safe yana can da ragarsa. Ran nan ina leƙe ta kafar zana na ga ya tsai da dattijon a ƙofar gida, ya sa yatsu yana lallatsa masa bayan wuya, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Ba a yi mako biyu ba aka ce mai wanki ya yi gyangyaɗi yana cikin guga har ya ƙone rigar wani Bature. Aka ce an same shi yana barci da lomar tuwo a hannu. Ƙanena ya sa shi gaba suka haye gada, ya dawo shi kaɗai.

Na tare shi na ce, “Ina ka kai bawan Allahn nan?”

“Asibiti, Yaya. Ciwon barci ne. Na ji kaluluwa a wuyansa tun kwanaki, ya ƙi zuwa. Akwai tsando a wajen wankin nan, na kama da hannuna.”

“Shekara nawa yana wanki a wurin, tsandon bai gan shi ba sai da ka zo?”

Ya yi dariya. “Ya daɗe da cizonsa. Ni dai na fara lura ne.”

Dariyar nan ta ba ni haushi ƙwarai. Na ga kamar dariyar wanda ya san abin da ya shuka ce. Matan unguwa ma ba su yi shiru ba, na ji ana cewa ya taɓa wuyan mutum, mutum ya kama barci. In na fito tsakar gida na ji maƙwabta sun katse hira ta bayan katanga, na san da gidanmu ake.

A ɗakin da nake kwana akwai wata zanzaro da ta fara gini a jikin azara. Na ɗauko tsintsiya zan kakkaɓe, Gwaggo ta riƙe hannuna ta ce a'a, zanzaro ta yi gini a ɗakin mai ciki alheri ne, uwa ce take yi wa 'ya'yanta ɗaki. Ban san inda ta samo wannan ba, amma na kama shi hannu bibbiyu. Na shiga kwanciya ina kallonta, ta fita ta dawo da ɗan laka a baki, ta liƙa, ta sake fita. Har magana nake yi mata in ba kowa. Rannan sai ba ta zo ba. Na jira washegari, shiru. Kwana uku ginin yana nan rabi, bakinsa a buɗe. A cikin makon nan kuma bayana ya fara wani irin ciwo daga ƙasa, irin wanda ya zo mini sau biyu a baya, kuma na san abin da ya biyo shi.

Ranar Juma'a Baba da ƙanena suka tafi masallaci, Gwaggo ta shiga maƙwabta barka. Gidan ya rage daga ni sai kaji. Na tura ƙofar ɗakinsa, na jawo akwatin daga ƙarƙashin gado.

Akwai abin da mutanen gidanmu ba su sani ba. A barikin ma'aikatan jirgi na shiga ajin yaƙi da jahilci na mata, kuma na iya haɗa baƙi, a hankali dai, ina bi da yatsa. Ƙanena ya ɗauka sunana kawai na iya rubutawa. Da na kai akwatin bakin ƙofa wajen haske, sai na ga ashe kowane ƙwaro da 'yar takardarsa a ƙarƙashi, a jikin allurar, ba ta fi farce girma ba, kamar wadda ake naɗewa a cikin laya. Layin farko ban iya karanta shi ba, ba Hausa ba ne. Layi na biyu kuwa na karanta sarai. An rubuta Makera, sai sunan mutum, sai kwanan wata.

A ƙarƙashin wani ƙuda mai ruwan toka na ga sunan mai wanki, da kwanan watan da ya riga ciwonsa. A ƙarƙashin wani koren ƙuda, sunan mahaucin unguwarmu. A ƙarƙashin wani baƙin buzuzu, sunan Baba. Na ci gaba da bi layi-layi har na zo na ƙarshe. Ga ta nan, zanzarona, da siririn ƙugunta da ƙaton cikinta, allura ta ratsa ta ta fito. A ƙarƙashinta an rubuta sunana, sunan yanka, wanda ko Baba ba ya faɗa saboda ni ce 'yar fari.

Yanzu na san ma'anar abin. Ƙa'idar aikinsu ce, kowane ƙwaro sai an rubuta inda aka kama shi da ranar da aka kama, in ba haka ba ba shi da amfani a wurinsu. Makera kuwa a lokacin ba sunan titi, ba lambar gida. In za ka yi wa mutum kwatance sai ka ce gidan wane, ko wajen wankin wane. Shi ma abin da ya yi ke nan, ya rubuta sunan mai wurin. Amma ran nan ban san haka ba. Na iya karatun da zai nuna mini sunana, ban iya wanda zai gaya mini dalili ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji masu iya magana, kuma a wuyana aka gwada shi.

Ban tsaya tunani ba. Abin da na sani kawai shi ne an soke ni da allura an rufe a cikin kafur, ga bayana yana ciwo, kuma wanda na goya ne ya yi. Na rungumi akwatin na nufi rumfar ƙira. A gidanmu mace ba ta shiga rumfar nan, balle mai ciki, amma na shiga. Na fasa gilashin da masaba, na tattara ɓaraguzan a gefen zanena. Na tona tokar murhu na tarar da garwashi da ransa. Na ɗora akwatin, na zauna inda Baba ke sa mai zuga ya zauna, na kama zugazugi. Kafur ɗin nan ya kama bal, harshen wutar ya lashe mini babban yatsa. Fukafukan suka tafi tun kafin in ƙifta ido, katakon ne ya ɗan jima. Da ya zama toka na baje ta, na zuba gilashin a masai, na koma ɗaki na kwanta. Kuma zan faɗi abin da na ji, ko da ba daɗin ji: sanyi na ji a raina. Kafin la'asar ciwon bayan ya lafa, Allah shi ne shaida.

Da suka dawo na ji shigarsa ɗaki, na ji shiru, sannan na ji ana jan gado. Ya fito yana kiran Gwaggo da wata murya da ban taɓa ji a bakinsa ba. Ya duba rumbu, ya duba bayan gida, ya leƙa har cikin rijiya. Ya zo ƙofar ɗakina ya ce, “Yaya, ba ki ga wanda ya shigo ba?” Na ce barci nake yi. Na ɓoye yatsana a cikin zane. Ya tafi wajen mai unguwa ko ɓarawo ne, aka ce masa wane ɓarawo zai bar agogo da takalmi ya ɗauki matattun ƙwari.

Abin da ban lissafa ba shi ne allura ƙarfe ce, kuma 'yar maƙeri ya kamata ta fi kowa sanin wutar katako ba ta cin ƙarfe. Da safiyar Asabar Baba ya zauna kwashe toka zai hura wuta, ƙanena na tsaye a kansa idanu jawur. Ina zaure ina shara, ina ganinsu. Baba ya sa hannu a toka, ya tsaya. Ya ɗago tafinsa, ga allurai sun yi baƙi, wasu sun lanƙwashe. Ƙanena ya dube su, ya dubi Baba.

“Baba, kai ne?”

Baba bai ɗaga kai ba. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Sannan ya ce, “Rumfata ce, wutata ce. Kada ka tambayi kowa, ni za ka tambaya.”

“In ba ka son karatun, ai da baki za ka faɗa mini,” in ji ƙanena. “Shekara biyu, Baba. Don na ce maka ba likita zan zama ba?”

Baba ya ci gaba da kwashe tokarsa. Ni kuwa tsintsiya na hannuna. Taku uku ne tsakanina da su, ban yi ko ɗaya ba.

Kwana goma sha biyu suka rage masa. Ya yi ta fita tun asuba har rana ta faɗi, amma ƙwarin farkon damina sun wuce, waɗanda ya kama kuma ba su samu bushewa ba, suka yi funfuna a cikin kwali. Ranar tafiya ya zo ya yi mini sallama, har ya ce in kula da kaina, in daina ɗaukar tulu. Baba kuwa, daga bakin rumfa ƙanena ya yi masa sallama, a tsaye, bai durƙusa ba. Ya saɓa akwatin kayansa ya nufi tasha, bai yarda kowa ya raka shi ba.

Da yammacin ranar Baba ya kira ni. “Ke,” ya ce, don haka yake kirana. Na zo na durƙusa a bakin zaure. Ya miƙo mini wani ɗan ƙulli na takarda. Ban buɗe ba na san abin da ke ciki.

“Ba haka nake ajiye zugazugina ba,” in ji shi. “Kuma ki sa wa yatsan nan magani kafin ya ruɓe.”

Na fashe da kuka, na fara ba shi labarin sunaye da zanzaro. Ya ɗaga hannu ya tsai da ni.

“Ban tambaye ki ba. Abu ɗaya zan gaya miki, kada ki kuskura ki faɗa masa. In da ni yake fushi, ni ubansa ne, ko ba jima ko ba daɗe zai dawo. In da ke ne, ba ku da uwar da za ta zaunar da ku ta shirya ku. Ku biyu ne kawai. Tashi ki tafi.”

Abin da ƙanena ya faɗa tun farko shi ya faru. Ba a bar shi ya zauna jarrabawa ba, gwamnati ta janye hannunta. Ya dawo Arewa bai biyo ta gida ba, ya kama aiki da mutanen tsando a matsayin ƙaramin ma'aikaci. Aka tura shi daji, yana bin bakin rafuka da raga yana kama ƙuda, yana kai wa waɗanda a da sa'o'insa ne a aji.

Ni kuma na haihu lafiya, 'ya mace, ga ta nan har yau da jikokinta. Ina cikin wankan jego mai wanki ya dawo daga asibiti, ya rame amma idonsa a buɗe. Ya zo har rumfa yana yi wa Baba godiya, ya ce likitoci sun gaya masa da ya ƙara jinkiri da sai dai wani ba shi ba, ɗan Baba ne ya cece shi. Ina ɗaki ina jin su, jaririya a cinyata. Ya kamata a ce ran nan zargina ya mutu murus. Bai mutu ba. Na daɗe, in na dubi yarinyar, wani lungu na zuciyata yana ce mini, to da ba ki ƙone ba fa? Na ji kunyar wannan tunani, amma shi ya riƙa taya ni rufe baki, ya haɗu da umarnin Baba suka yi mini daɗin fakewa.

Ƙanena yakan rubuto wasiƙa, amma ni yake rubuto wa, don zuwa lokacin gida ya san na iya karatu. Ya ba ni labarin daji, da yadda sauro ya mai da shi abinci. Can ƙasa sai ya sa, “A gai da Baba.” In na zo gida ina karanta wa Baba sai in ƙara da nawa, in ce yana gaishe ka da kyau da kyau, ya ce a sa masa albarka, ya ce yana nan tafe da salla. Baba ya ce, “Madalla.” Ina jin ya san inda wasiƙar ta ƙare da inda na fara, don maƙeri ya san wurin da aka yi wa ƙarfe ƙari. Salla ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Sau biyu na roƙi Baba ya bar ni in faɗi gaskiya. Ya ce in ƙara haƙuri, yaro ne, zai huce.

A shekara ta uku ciwon ƙirji ya kama Baba, bai yi mako guda a kwance ba. An buga wa ƙanena waya, amma kafin ta same shi a dajin da yake, har an yi sadakar uku. Daga baya ya koma jami'a ya gama karatunsa, ya yi girma a aikin tsandon nan har ya yi ritaya, mutanen Makera kuma ba su fasa kiransa Likita ba. Amma ba wannan nake tunawa ba in na tuna shi. Ranar da ya iso nake tunawa.

Da hantsi ne. Na same shi zaune a rumfar ƙira, a kan kututturen da Baba ke zama, murhu ya yi sanyi. Ya yi baƙi, ya rame. Na zauna daga bakin rumfar. Ya ce, “Yaya, wallahi na daɗe da yafe masa. Tun shekarar farko. Girman kai ne kawai ya hana ni zuwa in faɗa masa. Kullum sai in ce sai na koma na ci jarrabawar, in zo in nuna masa.”

Na tashi na shiga ciki, na buɗe adakata, na ɗauko ƙullin takardar nan. Na dawo na ajiye a gabansa. Ya kwance, ya ga allurai. Na faɗa masa komai, tun daga kunun da nake zuba wa kaji har zuwa abin da Baba ya ce mini a bakin zaure. Ban rage wa kaina komai ba.

Bai yi faɗa ba. Da ya yi, da na fi samun sauƙi. Ya ɗauki allura ɗaya wadda ta lanƙwashe, yana ƙoƙarin miƙe ta da yatsu, ta ƙi. Ya dubi wajen da ya tsaya a tsaye ya yi wa Baba sallama shekara uku da suka wuce. Can ya ce, “Zanzaron nan a bakin tagarki na same ta, ta riga ta mutu. Na ɗauka za ki ji daɗi in kin ga na sa sunanki, shi ya sa na rubuta shi cikakke.”

Ya ajiye allurar a hankali cikin 'yan'uwanta.

“Yaya, me ya sa ba ki tambaye ni ba?”

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da nawa a daminar nan, in ya yi tari ina ji. Na tambaye shi inda ya kai mai wanki, na tambayi Gwaggo, na tambayi kaji, amma ban taɓa buɗe baki na ce masa me ya sa ka rubuta sunana ba. Ya naɗe takardar ya miƙo mini, ya ce in ajiye, ni Baba ya ba wa. Suna nan a cikin adakata, sun yi tsatsa.